Tsofaffin Taswirorin Ƙasar Makiyayan Nebraska: Abin Da Takarda Ta Riƙe Da Abin Da Ta Bari

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya



Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar ba mu wannan dama. Da takardar gayyata ta iso mana, an bar mana zaɓin abin da za mu yi magana a kai, sharaɗin kawai ya shafi ƙasa da kiwo. Mun san wasu za su yi mamakin jin cewa mun tsallake dazuzzukanmu, mun haye teku, mun nufi wani lungu na Amurka wanda ko Amurkawan da yawansu ba su taɓa taka shi ba. A yi mana haƙuri. Tafiya, in ji Hausawa, mabuɗin ilmi ce, kuma wadda za mu yi yau ba ta bukatar biza ko kuɗin jirgi, domin a kan takarda za mu yi ta. Takardun kuwa tsofaffin taswirori ne da gwamnatin ƙasar ta zana na wani yankin makiyaya a jihar Nebraska. Idan muka dawo gida a ƙarshen bayani, za a ga dalilin da ya sa muka yi nisan kiwo.

Ƙasar jigayi

A tsakiyar Amurka akwai wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta ciyawa wadda ta taso daga iyakar Kanada ta gangara har Texas. A cikinta, arewa maso yammacin Nebraska, akwai yankin da suke kira Sandhills, wato tuddan yashi. Da Bahaushe ne ya raɗa masa suna, da jigayi zai ce. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 50,000, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na jihar ke nan, kuma babu tarin tuddan yashi da ya kai shi girma a nahiyoyin Amurka biyu. Wasu tuddan tsayinsu ya kai mita 120. Sai dai wanda ya je yana tsammanin sahara ba zai gan ta ba, saboda ciyawa ta lulluɓe yashin, saiwoyinta sun ɗaure shi. Masana sun gano cewa shekaru 800 zuwa 1,000 da suka wuce an yi wani dogon fari, ciyawar ta mutu, tuddan suka tashi suna tafiya da iska. Mutanen wurin suna sane da wannan, shi ya sa babu abin da suke tsoro kamar garma.

Ruwan saman da ke sauka can bai kai na Kano ba. Amma yashi ba ya barin ruwa ya gudu, shanye shi yake yi, don haka a ƙarƙashin jigayin akwai ɓangare mafi kauri na babbar taskar ruwan nan ta Ogallala. Inda kwari ya yi zurfi sai ruwan ya ɓullo ya zama tafki ko fadama, a nan ake yankan ciyawar da shanu za su ci a lokacin sanyi. Koguna irin su Loup da Dismal daga wannan taska suke sha, ba su cika ƙafewa ba, ba su kuma cika ambaliya ba.

Mutane kuwa ƙalilan ne. Gundumar Cherry, wadda hedkwatarta ke garin Valentine, ta kusa murabba'in mil 6,000, ta fi jihar Connecticut ɗungurungum girma, amma a ƙidayar 2020 mutum 5,455 aka samu a cikinta. Gundumar Arthur mutum 434, ta McPherson 399. A yi tunani, ranka ya daɗe, gunduma guda mai kotu da ma'aji da makaranta, jama'arta ba ta cika rumfunan da muke zaune a ciki yau ba. Shanu sun ninka mutane sau da yawa.

Masu awo da abin da suka zo nema

Taswirorin farko da Turawa suka yi wa wannan shimfiɗa sun yi mata mummunar shaida. Bayan tafiyar Manjo Stephen Long ta 1820, taswirarsa ta rubuta wa yankin sunan babbar hamada, sunan ya bi shi shekara da shekaru. Laftana G. K. Warren na rundunar injiniyoyin soja ya ratsa jigayin a 1855 da 1857, ya sha wuya da kekunan dawakinsa cikin yashi, ya koma da ra'ayin cewa ba wurin zaman manomi ba ne. A nan bai yi kuskure ba. Abin da taswira irin tasa ba ta damu da shi ba shi ne, ƙasar tana da masu ita. Ƙabilun Lakota da Pawnee da wasunsu suna farautar ɓauna a cikinta tun kaka da kakanni. A shekarun 1870 aka kwashe Pawnee zuwa inda ake kira Oklahoma yanzu, aka tura Lakota keɓaɓɓun wurare a arewa, wato Pine Ridge da Rosebud. Ɓaunar da take miliyoyi kuma aka karkashe ta, kafin 1889 saura 'yan ɗaruruwa a daji. Sai da aka share fagen nan sa'annan shanu suka shigo.

Shigowar tasu ma da ɗan labari. Masu garken da ke bakin kogin Niobrara sun ɗauka duk saniyar da ta faɗa cikin jigayi ta tafi ke nan. A 1879, bayan wata guguwar dusar ƙanƙara ta kora shanun wani mai garke, E. S. Newman, cikin tuddan, yaransa suka bi sawu, suka tarar da dubban shanu sun yi ɓul-ɓul, har da waɗanda suka ɓace tun shekarun baya. Daga nan kowa ya gane abin da ke ciki.

Ya kamata mu bambance awo iri biyu, domin ko a wurinmu ana yawan cakuɗa su. Na farko awon mallaka ne. Tun 1785 Amurka ta yi dokar yanka ƙasarta kamar yadda ake yanka alewa: babban murabba'i mai mil 6 kowane gefe, a cikinsa ƙananan murabba'ai 36, kowanne mil ɗaya, wato eka 640. A Nebraska an ware na 16 da na 36 a kowane babban murabba'i don amfanin makarantu, har yau kuɗin hayar waɗanda ba a sayar ba yana shiga asusun ilmi. 'Yan safiyo suna jan sarƙa mai tsawon ƙafa 66, in an ja sau 80 an yi mil guda, sai a kafa alama. A ƙasar dutse alamar dutse ce. A jigayi babu dutse babu itace, sai dai a tona ramuka, a tara yashi, a soka ɗan turke. Iska da kofaton shanu suka shafe da yawansu, wasu ma ana zargin ba a taɓa kafa su ba, a cikin tanti aka zana su. Sai da gwamnati ta sake auna wasu gundumomin. Neman kusurwar da ta ɓace ya zama sana'a, kuma ya haddasa gaba tsakanin maƙwabta. Marubuciya Mari Sandoz ta ba da labarin mahaifinta, wanda ya yi wannan sana'a, a littafinta Old Jules na 1935.

Awo na biyu shi ne namu na yau, wato taswirar tudu da kwari. Wannan aikin Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka ne, wadda aka fi sani da USGS, da aka kafa a 1879. Shugabanta na biyu, John Wesley Powell, mutum ne mai hannu ɗaya, ya rasa na dama a yaƙin basasar ƙasarsu a 1862. Shi ne a ƙarshen 1884 ya tsaya gaban Majalisa yana neman iznin zana ƙasar baki ɗaya, falle bayan falle. Tun kafin nan, a wani rahoto da ya fitar a 1878, ya gargaɗi gwamnati cewa yamma da layin digiri 100, inda ruwan sama ba ya kai inci 20 a shekara, gonar eka 160 da dokar 1862 ke bai wa kowane magidanci ba za ta ciyar da iyali ba. Ya ce a bai wa makiyayi eka 2,560, kuma a yanka filaye bisa yadda ruwa yake kwance, kowa ya sami mashaya, maimakon miƙaƙƙen layin da bai san kogi ba. Don haka ne yake son taswirar tudu da kwari: sai an san inda ruwa yake gangarawa kafin a san yadda za a raba ƙasa. 'Yan siyasa da dillalan filaye ba su so jin haka ba, suka zaftare masa kuɗin aiki, ya ajiye muƙaminsa a 1894. Layin nan na digiri 100 kuwa ta gabashin jigayin ya ratsa.

Yadda ake karanta fallen

Ga wanda bai saba ba, dabarar mai sauƙi ce. A ɗauka an zuba ruwa a cikin kwari: bakin ruwan layi ɗaya ne. A ƙara ruwa ya hau ƙafa 20, sabon bakin shi ne layi na gaba. Haka ake bi har ƙololuwar tudu. Inda layukan suka matsu da juna hawa ne mai wuya, inda suka warwatsu fili ne. Ana buga su da launin ƙasa-ƙasa. Shuɗi na ruwa ne, kore na itatuwa, baƙi na abin da ɗan Adam ya gina, ja kuma na manyan hanyoyi da layukan rabon ƙasa. Idan an sabunta falle daga hoton jirgin sama ba tare da an sake taka wurin ba, sai a buga sababbin abubuwan da shunayya, don mai karatu ya san ba a tabbatar da su da ido ba. Wannan gaskiya ta burge mu ƙwarai.

Da farko da ƙafa da doki ake aikin. Ɗan safiyo yana kafa teburinsa mai ƙafa uku a kan tudu, ya shimfiɗa takarda, ya auna da madubin hange, ya zana abin da idonsa ya gani nan take. Daga shekarun 1930 hoton jirgin sama ya fara karɓar aikin, amma duk da haka sai an tura mutum ya bi gida-gida yana tambayar sunan tafki da sunan rafi da sunan mai garke. Ma'aunin ma ya yi ta canzawa: akwai na 1:250,000 da na 1:125,000, sai na 1:62,500 wanda inci ɗaya yake kusan mil ɗaya, daga baya aka tsaya a kan 1:24,000, inda inci ɗaya yake ƙafa 2,000. Na ƙarshen nan falle kimanin 55,000 ne, an fara shi gadan-gadan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ba a kammala ba sai farkon shekarun 1990. Kowane falle a Nebraska yana ɗaukar kimanin murabba'in mil 55, ke nan gundumar Cherry kaɗai ta ci fiye da ɗari. Wuraren ma'adinai da birane su aka fara yi wa. Ƙasar makiyaya, kamar ko'ina a duniya, ita ce a ƙarshen layi, mafi yawan taswirorinta na dalla-dalla bayan yaƙin aka yi su.

Wanda ya buɗe fallen jigayi zai ga kamar an zuba taliya a faranti. Layuka sun cukurkuɗe, ga ƙananan da'irori masu 'yan haƙora suna duban ciki, alamar rami ke nan, galibi inda iska ta ƙwaƙule yashi bayan ciyawa ta mutu. A tsakanin tuddan ga dogayen kwaruruka a miƙe, da tafkuna shuɗɗa. Baƙin rubutu kaɗan ne, shi ya sa kowane ɗigo yake da daraja. Za a ga ɗan murabba'i da sunan iyali a gefensa, gidan mai garke ke nan. Za a ga layi biyu masu tsinke-tsinke, wato hanyar da tayar mota ta fitar cikin yashi. Za a ga ɗan gini da tuta a kansa, makaranta ce mai aji ɗaya. Abin da ya fi kowane yawa shi ne alamar famfon iska. Irin wannan famfo mai juya kansa ya bi iska an ƙirƙiro shi a 1854, kuma da shi da waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, su ne suka mai da ƙasar abin da take. Famfo ya raba saniya da dogaro ga kogi, waya kuma ta raba ta da yawo. Idan mutum ya ƙirga famfunan da ke falle ɗaya, ya san yadda aka rarraba makiyayar ko da bai ga shingen ba.

Rigimar shinge

Shingen nan bai kafu cikin lumana ba. Manyan masu garke sun zagaye filayen gwamnati da waya kamar gadon gidansu, duk da dokar 1885 da ta hana. Gandun Spade na Bartlett Richards ya kai eka 500,000 a ganiyarsa, mafi yawa ba mallakarsa ba ce. A 1905 ya amsa laifi a kotu, aka ci shi tarar dala 300 da tsarewar awa shida. Shugaba Theodore Roosevelt ya fusata da wannan hukunci na wasa, ya sallami lauyan gwamnati da babban jami'in tsaron kotun. Shekara ta zagayo aka sake kama Richards da laifin amfani da sunayen wasu mutane wajen karɓar filaye, aka ɗaure shi, ya rasu a 1911 bai gama wa'adinsa ba.

Ana cikin haka, a 1904, ɗan majalisa Moses Kinkaid ya kawo dokar da ta ƙara rabon magidanci zuwa eka 640 a gundumomi 37 na yammacin jihar. Talakawa suka yi ta kwarara, suka gina ɗakunan ƙasa da saiwar ciyawa, suka kafa makarantu da gidajen waya. Jama'ar gundumar Cherry ta haura 11,000 a 1920, ninki biyu na yau. Amma eka 640 rubu'in abin da Powell ya faɗa ne. A ƙasar da saniya ɗaya da ɗan maraƙinta suke bukatar eka goma zuwa sama, garken da wannan fili zai ɗauka bai taka kara ya karya ba. Wanda ya sa garma kuma iska ta kwashe gonar. Kafin ƙarshen fari da matsin tattalin arzikin shekarun 1930 yawancinsu sun sayar wa masu garke sun tashi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A nan mai hannu ɗaya ne ya hango, Majalisa guda ta kasa.

Saboda haka idan aka jera falle biyu na wuri ɗaya, na wajen 1950 da na shekarun 1980, abin da ake gani raguwa ce. A namu garuruwan sabuwar taswira kullum ta fi tsohuwa cika. A can tsohuwar ce ta fi cika. Makaranta mai tuta ta ɓace, gidaje uku sun koma ɗaya, sai maƙabarta ta rage ita kaɗai a kan tudu. Layin dogon da ya isa Valentine a 1883 an daina amfani da shi a 1992, yanzu hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa ce. Garin Antioch, wanda ya cika ya batse a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya saboda kanwar takin zamani da ake tacewa daga tafkunansa, ya koma kufai da yaƙin ya ƙare kaya suka sake shigowa daga Jamus. Jikokin waɗanda suka tashi su ne yanzu suke neman tsofaffin taswirorin, su ga inda kakarsu ta yi makaranta.

Akwai kuma waɗanda taswirar ta zo ta tarar sun riga sun tashi. A bakin kogin North Loup, kusa da ƙauyen Brownlee, wasu iyalai baƙar fata, jikokin bayi, wasunsu sun biyo ta Kanada, sun karɓi filaye a ƙarƙashin dokar Kinkaid daga wajen 1907. Sun kafa alƙarya mai suna DeWitty, daga baya aka sauya mata suna Audacious, da cocinsu da makarantunsu da gidan wayarsu. Ita ce mazaunin baƙar fata mafi girma da ya fi daɗewa a karkarar jihar. Kafin 1936 ta watse. Sai a 2016 zuriyarsu da mutanen yankin suka haɗa kuɗi aka kafa allon tunawa a gefen babbar hanya mai lamba 83. Wanda ya dogara da taswira kaɗai zai rantse babu wanda ya taɓa zama a wurin. Shaidarsu tana cikin rajistar ofishin filaye da bakin tsofaffi. Haka sunayen da Lakota da Pawnee suka raɗa wa tuddai da tafkuna, kaɗan ne suka shiga takarda. Niobrara da Nebraska kansu kalmomin 'yan asalin ƙasar ne masu nufin ruwa mai faɗi da ruwa shimfiɗaɗɗe, amma galibin sauran sunayen na baƙin da ɗan safiyo ya tarar ne. Wanda aka tambaya shi ne ya raɗa suna.

Kada a ɗauka amfanin waɗannan takardu ya tsaya ga tarihi. Masu nazarin ruwa suna gwada girman tafkunan da da na yanzu, musamman bayan 2019, shekarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso ya shanye fadamu da hanyoyi wata da watanni. Masu kula da makiyaya suna duba koren launi, domin wani itace mai kama da aul yana mamaye ciyawar daga gabas, tsohon falle kuma yana nuna inda babu shi a da. Sa'annan a 2011, da rigimar bututun man Keystone XL ta yi zafi, aka amince bututun ya kauce wa jigayi saboda ruwan da ke ƙasa, sai tambaya ta taso: ina jigayin suka tsaya? Hukumar muhalli ta jihar ta ɗauko wata taswira ta ce ga iyakar. Manoman da gonakinsu suka faɗa waje da layin suka ce nasu ma yashi ne, ruwansu ma a kusa yake. An soke aikin a 2021, amma shekaru aka yi ana jayayya a kan layi ɗaya da wani ya ja a ofis.

Abin da ya sa muke iya ganin duk wannan daga ɗakinmu shi ne, daga 2011 hukumar ta fitar da hotunan tsofaffin taswirorinta fiye da 178,000, na 1884 zuwa 2006, ta zuba a intanet kyauta ga kowa. Da ta tashi ba ta zubar da tsohon bugu don sabo ya fito ba, kowanne ta adana. Kuma ta yi dace, domin sababbin da kwamfuta ke haɗawa tun 2009 ba a tura kowa ya taka ƙasa, ƙananan alamomi da yawa irin su famfunan iska da shinge ba su fito a cikinsu ba. Makiyayi da mafarauci har yanzu tsohon falle suke nema.

Mu dawo gida

Iyayenmu da 'yan'uwa, mu ma muna da irin waɗannan takardu. Duk wanda ya yi darasin labarin ƙasa a sakandare ya taɓa riƙe guntun ɗaya a zauren jarrabawa. Hukumar safiyo ta tarayya da ta Jihar Arewa, da taimakon ma'aikatar safiyon Ingila ta ƙasashen waje, sun zana ƙasar nan a ma'aunin 1:100,000 da 1:50,000, galibi daga hotunan jirgin sama na shekarun 1950 da 1960. A na biyun santimita 2 kilomita ɗaya ce. Suna nuna ƙauyuka da hanyoyin ƙafa da rafuka da tafkuna da iyakokin gandun daji kamar yadda suke kafin jama'a ta ninka. Da yawansu ba a sake sabunta su ba, abin da ake kuka da shi, amma ta wani ɓangaren ya mai da su shaidar wani zamani. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ita ce tushen wuraren kiwon da aka keɓe, waɗanda ake cewa sun kai 415 a ƙasa baki ɗaya, waɗanda aka yi wa gazet kuwa ba su kai rabi ba. Burtali da labi da mashaya da hurumin gari, mafi yawansu a kan dagaci da arɗo da sarkin shanu suke rubuce, kuma kullum muna raka irin waɗannan dattawa makwancinsu.

Ba muna cewa a kwafo tsarin Nebraska ba ne. Masu kiran a killace shanu kamar Amurka su tuna cewa can sai da aka kori masu ƙasa, aka kuma bar mutum ɗaya ga kowane murabba'in mil, ga ruwa a ƙarƙashin ƙafa. Mu ba mu da ko ɗaya daga cikin ukun, na farkon kuma ba abin so ba ne. Ba kuma muna cewa taswirar tudu da kwari takardar mallaka ce ba. Ba ta ce gonar wane ce, ba za ta maye gurbin takardar shaidar fili ko hukuncin alƙali ba. Amma idan gardama ta tashi a kan ko tafkin nan yana nan a 1962, ko hanyar nan ta gabas da tsamiya ta bi, falle zai yi magana ba tare da tsoron kowa ba, domin wanda ya zana shi bai san masu gardamar ba.

Shawararmu ga Shugaba da kwamitin ilmi ita ce, a wakilta mutum biyu ko uku su nemo fallayen da suka shafi gundumarmu. A fara da ofishin Babban Safiyo na jiha, sa'annan sashen labarin ƙasa na jami'o'inmu da Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. In an samu a ɗauki hotonsu da na'ura mai kyau, a buga manya. Sai a nemi izinin Hakimi a zauna da dattawan manoma da na Fulani a zaure ɗaya, a shimfiɗa takarda a tabarma, kowa ya nuna abin da ya sani: sunan kowace fadama, inda burtali ya shiga da inda ya fita, kufan da aka tashi da dalilin tashin, rijiyar da ta rufta. Abin da aka yi ittifaƙi a kai a rubuta da tawada ɗaya, abin da aka yi saɓani a rubuta da wata, kamar yadda mutanen can suka ware shunayya ga abin da ba su tabbatar ba. A tambayi mata su ma, su suka san inda ake ɗebo ruwa da itace. Kwafi ɗaya ya zauna a fadar Hakimi, ɗaya a sakandarenmu, ɗaya a ofishin ƙungiya.

Waɗanda za a aika kuma mu ja hankalinsu ga abu ɗaya. Kada su bari a yanke gefen takardar wajen ɗaukar hoto don a rage kuɗi. A gefen ne ake rubuta lambar falle da ma'auni da shekarar da jirgi ya ɗauki hoton da shekarar da aka buga, shekarun biyu kuma sukan bambanta, wani lokaci da tazara mai yawa. Ta farkon ita ce za su rubuto mana.